Darasi na Bakwai: Gizaka da Ƙaiƙayinta

Gizaka tsutsa ce mai gashi wadda daga baya take rikiɗa ta zama faɗa-wuta ko malam-buɗe-littafi. A nan Jos an fi ganin ta da damina, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ganye ya yi yawa, domin ganye ne abincinta. Takan laɓe a ƙarƙashin ganyen mangwaro da gwaiba, da jikin shinge, da cikin ciyawar da ake yanko wa dabbobi, saboda haka masu aikin lambu da mata masu shanya tufafi a kan shinge da yara masu hawa itace su ne suka fi gamuwa da ita.

Gizaka ba ta cizo. Gashin jikinta ne makaminta, kuma a wasu ire-irenta kowane gashi yana da rami a ciki ɗauke da dafi. Da zarar ya taɓa fata sai ya karye ya maƙale, nan da nan wurin ya ɗauki ƙaiƙayi da raɗaɗi, ƙuraje su fito, wani lokaci har da kumburi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gashin yana ci gaba da cutarwa ko bayan tsutsar ta mutu, kuma iska takan kwashe shi ta zuba a kan shanya. Akwai wata irinta a kudancin Barazil da ake kira Lonomiya, wadda dafinta yake hana jini daskarewa har ya kai ga kisa, amma namu na nan galibi ƙaiƙayi ne da yakan lafa cikin kwanaki kaɗan.

Idan ta taɓa ka, kada ka sosa, domin susa tana ƙara cusa gashin cikin fata. Ka ture ta da kara, ka manna salatef a wurin ka ɗaye shi sau da yawa don ya kwaso gashin, sannan ka wanke da sabulu da ruwa, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Tufafin da ta hau a wanke su daban.

Sai dai idan gashin ya shiga ido, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya soma yin wuya, musamman ga ƙaramin yaro, to a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba, kada a tsaya shafa manja ko toka.