Takalmin birkin jif ɗinka a Ingila: kada ka jira sai ya yi kuka

Da zarar iyali sun iso, yawancinmu babbar mota muke nema, a samu wurin yara da kayan cefane. To, jif nauyi gare ta, kuma takalmin birki ne ke shan wahalar nauyin, musamman na gaba. Ga shataletale ko'ina, ga kai yara makaranta safe da yamma, kullum taka-saki.

A gida mun saba sai birki ya yi ƙara mu leƙa wurin bakanike, ya canza muna hira. Nan sai ka nemi rana a gareji, kuɗin aiki kuma da awa ake lissafa shi. Don haka ka riƙa dubawa da kanka. Haska fitilar waya ta ramukan ƙarfen taya, za ka hango takalmin manne da faranti, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Kaurin sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3, a canza. Ƙasa da 1.5 kuwa, motar ta faɗi gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, wanda a Ingila wajibi ne duk shekara da zarar mota ta cika shekara 3.

Siririn kukan nan kamar fito, wani ɗan ƙarfe ne aka sa don ya ankarar da kai. In ya koma gurzawa, ƙarfe ke cin ƙarfe, sai ka haɗa da kuɗin faranti.

Abin da ba mu sani ba a gida shi ne gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi. Tsatsa yake kawowa, har takalmin ya maƙale, gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. Mota na ja gefe in ka taka? Kai ta a duba.

Mai son yi da hannunsa, hagu da dama tare ake canzawa, kuma kada ka amince wa jak shi kaɗai, sa mata turken ƙarfe. In birkin hannunta maɓalli ne, na baya sai da na'ura ko saiti na musamman. Ni dai gareji nake bar wa wannan. Ka gama ɗaurawa, kafin motar ta motsa ka tattaka birkin har sai ya yi tauri a ƙafarka, don takun farko ƙasa yake zarcewa.