Fiyus Ya Ƙone: Nemo Abin Da Ya Ƙona Shi Kafin Ka Sa Wani

A garejinmu na Farin Gada, nan Jos, da damina ta kankama sai motoci su riƙa shigowa da ciwo iri ɗaya: fitila ta ɗauke, hon ya yi shiru, ko waifa ta tsaya ana tsaka da ruwa. Yawanci fiyus ne. Shi kuwa fiyus wuta ce ta fi ƙarfinsa, ya tsinke don wayoyin motarka su tsira.

Akwatin fiyus yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet kusa da batir, kuma a murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Kashe mota, zaro wanda kake zargi, ka ɗaga shi ga haske. In siririn ƙarfen ciki ya tsinke, shi ne. Ni dai na fi yarda da testa, wato 'yar fitilar gwajin wuta mai tsini da waya: maƙala wayarta a bodi, murɗa makulli, ka taɓa 'yan ƙarafa biyun da ke bayan fiyus. In ta kama a ɗaya ta ƙi ɗayan, ya mutu.

Mayar da mai lamba irin tasa. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Don Allah kar ka sa 30 a gurbin 10, kar kuma ka naɗa wayar tagulla ko takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari. Na taɓa kwance dashbod ɗin motar da aka yi wa haka, wayoyin sun narke sun manne kamar taliyar da ta dahu ta wuce.

In sabon ma ya ƙone, to akwai shot, wato wayar wuta ta feɗe tana taɓa bodi. A nan ne mutane ke asarar fiyus a banza. Samu ƙwan fitilar birki mai wat 21, haɗa masa waya biyu, ka soka su a ramukan fiyus ɗin. Muddin shot ɗin na nan, ƙwan zai haska tar. Sai ka bi layin, kana cire soket ɗaya bayan ɗaya, kana girgiza waya, idonka na kan ƙwan. Inda ya dushe ko ya mutu, nan ciwon yake.

Kwanaki wani direban Sharon da ke jigilar Bauchi ya shigo ransa a ɓace. "Maigida, fiyus huɗu na sa tun daga Toro, da na taka birki sai ya tafi." Na soka ƙwan gwajin a ramukan fiyus, na sa yarona ya danne birki, ƙwan ya haska. Ina ɗaga murfin but sai ya dushe. Na zare robar da wayoyi ke bi su shiga murfin, ga waya nan ta feɗe saboda buɗewa da rufewa.

Irin waɗannan robobin na ƙofa da but su nake fara dubawa, sai soket ɗin caji, sai inda aka yi ƙarin rediyo ko fitila, sai kuma ɓarnar ɓera in motar ta daɗe a ajiye. Kafin ka gyara, cire kan batir na negetif. Liƙe wayar da dalma, ka naɗe da salatif sosai. Wayoyi masu soket rawaya kuwa na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari, kar testarka ta je kusa da su.