Yadda za ki koyar da tarihin bautar Amurka da gwagwarmayar mata a ajin manya

Ki fara da auduga, malama. Matan da ke zuwa ajinmu na yamma a Garwa sun san ta, wasunsu ma da hannunsu suke tsinkarta. Tambaye su abin da ke samun gonar da aka daɗe ana noma mata auduga. Za su ce ƙasa ta gaji. Daga nan sai ki shiga: masu gonakin kudancin Amurka da bayi suke noma, kullum idonsu na kan sabuwar ƙasa, ga kuma son ƙarin jihohi masu bauta don su rinjayi majalisar dattawa. Su suka matsa aka haɗe yankin Texas da Amurka a 1845, a 1854 kuma suka yi kwaɗayin karɓe Kuba daga hannun Sifen. Zana musu taswira da alli, ko da karkatacciya ce.

Ga inda nake so ki daɗe. A 1808 an haramta shigo da bayi daga Afirka. To su wa za su nome sababbin gonakin? 'Ya'yan da bayi mata suka haifa. A dokarsu ɗa uwarsa yake bi, abin da baiwa ta haifa dukiyar ubangijinta ne, in ya ga dama ya sayar da shi a rabu har abada. Zuwa 1860 bayin sun kusan miliyan 4. In kin faɗi wannan, ki dakata, ki bar iyaye su yi magana.

Washegari ki kawo matan da suka yaƙi bautar. A taron yaƙi da bauta na duniya da aka yi a Landan a 1840 an hana wakilai mata sa baki, abin ya ci wa Amurkawa biyu masu yaƙi da bauta, Lucretia Mott da Elizabeth Cady Stanton, rai, a 1848 suka kira taro a garin Seneca Falls na Amurka suna nema wa mata ilimi, mallakar dukiya da ƙuri'a. Ƙuri'ar ba ta tabbata a duk ƙasar ba sai 1920.

Wata za ta ce, "Ai malama, addininmu ya ba mace dukiyarta tuntuni." Gaskiya ta faɗa, ki amsa mata haka, sannan ki tambaya: kuɗin audugar da ta tsinka bana, hannun wa suka shiga?

Ƙasarmu ma ta san bauta, kuma tabon bai warke a wasu gidaje ba. Ki faɗi hakan a dunƙule, amma don Allah kada ki tambayi asalin kowa, kada kuma ki bari a nuna wata da baki.