Kurakuran ƙirga lokacin riƙe zafi a gashin ƙarfe bayan walda

Ana gasa ƙarfe bayan walda ne don ya saki taurin da zafin walda ya bar masa, kuma wurin da sufeto ya fi kafa ido a takardar aikin shi ne lokacin da aka riƙe zafin. A nan aiki ya fi lalacewa, sau da yawa ba don tanderu ya gaza ba, sai don an fara ƙirga tun lokaci bai yi ba.

Babban kuskuren shi ne danna agogo da zarar wayar auna zafi ɗaya ta nuna an kai zafin da ake so. A ce an manna wayoyin auna zafi shida a jikin tanki: ta sama ta kai digiri 595 na Celsius da ake so da ƙarfe biyu na dare, amma wadda ke gindin bakin bututu mai kauri tana 570, sai biyu da minti arba'in ta iso. Ƙirga daga biyu da arba'in yake farawa. Minti arba'in ɗin farko ba sa cikin lissafi, komai gajiyar masu gadin wuta. Haka kuma idan wata waya ta sauka ƙasa da 595 a tsakiyar aiki, a cire mintunan da ta yi a ƙasa, a rama su a ƙarshe. Kada kuma tazarar da ke tsakanin wuri mafi zafi da mafi sanyi ta wuce digiri 83 a lokacin riƙon.

Wasu ma zafin iskar tanderu suke karantawa. Iska tana riga ƙarfe ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, don haka a manna wayar a jikin ƙarfen, musamman inda ya fi kauri da ƙasan tanki. A kuma rufe kanta kada harshen wuta ya riƙa lasarta, in ba haka ba za ta faɗi abin da ƙarfen bai kai ba.

Sai lissafin kauri. A kundin ƙa'idojin ASME (ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka), sashe na 8, baƙin ƙarfe na yau da kullum, wanda kundin ke kira rukunin P-1, yana buƙatar riƙon awa ɗaya ga kowace milimita 25, kuma ba ƙasa da minti 15 ba. Milimita 30 ke nan minti 72, ba awa ɗaya ba, kuma waɗannan minti 12 sun isa a ƙi karɓar aikin. In kauri ya haura milimita 50 sai lissafin ya canja: awa biyu, da ƙarin minti 15 ga kowace milimita 25 da ta hau kai. Ga farantai biyu masu bambancin kauri da aka haɗa baki da baki, na siririn ake ɗauka. In kuwa tanki guda aka sa a tanderu, waldar da ta fi kauri ce ke yanke lokaci.

Akwai masu cewa a ƙara awa guda don a huta da shakka. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yawan gashi yana rage wa ƙarfe ƙarfi da juriya. Inda ake buƙatar gwajin juriyar duka, sashe na 9 na kundin ya ce samfurin da aka tantance tsarin walda da shi ya sha aƙalla kashi 80 cikin ɗari na jimillar lokacin da ainihin aikin zai sha. Duk gyaran da ya sa aka sake gashi yana shiga wannan jimilla, saboda haka a riƙa tarawa a rubuce.

A ƙarshe a duba na'urar da ke zana zafin. In takarda tana tafiyar milimita 25 a awa aka rubuta 20, riƙon awa biyu zai fito kamar awa biyu da rabi. A rubuta gudun takarda da lokacin farawa a kanta, a sa wa kowace waya lamba daidai da zanen inda aka manna ta, a kuma tabbata takardar shaidar saita na'urar ba ta ƙare ba kafin a kunna wuta.