Matakan Amsa Tambayar Da Maganganunta Ke Karo Da Juna

A jarrabawar GMAT da LSAT, da masu neman karatu a Amurka ke rubutawa, akwai tambayar da ake kawo maganganu biyu, kowace gaskiya ce, amma kamar suna ƙaryata juna. Zaɓi 5 ake bayarwa, ɗaya ne daidai: wanda ya bayyana yadda duka biyun za su zama gaskiya tare.

1. Ware maganganun biyu, ka faɗe su da kalmominka. Mu ƙaddara an ce: bana gero ya yi albarka a ƙasar Daura, amma tiya ta ƙara tsada a kasuwar Mai'adua.

2. Karɓi duka biyun yadda aka ba ka su. Nan ɗalibai suka fi zamewa, sai ka ga mutum yana gardama da takarda wai ai damina ba ta yi kyau ba. Ba alƙalanci aka ba ka ba.

3. Kafin ka duba zaɓin, tambayi kanka: me zai sa duka biyun su faru tare?

4. Tace zaɓin ɗaya bayan ɗaya. "An samu isasshen taki" albarkar kawai ya bayyana, ya bar tsadar. "Masu saye sun ragu" ya ƙara dagula lissafin ma. Zaɓin da ya koma maganar wake kuwa, bar shi nan.

5. Ɗauki wanda ya haɗa su: fatake daga Nijar sun shigo suna saye buhu-buhu fiye da bara. Sabon bayani ne, ba ya cikin labarin, kuma a irin wannan tambaya hakan ba laifi ba ne.