Babi na 4: Yadda Ƙungiya Take Kai Buƙatarta Gaban Masu Iko

Darasi na 1: Buƙata ɗaya tak

'Yan uwa, ku buɗe sabon shafi a littafin rubutunku. Ku sa kwanan wata a sama. Wanda hannunsa bai saba ba ya bi a hankali, za mu jira shi.

Fafutukar ƙungiya ita ce ta sa mai iko ya yi wa jama'a abin da ya rataya a wuyansa. Wannan haƙƙinku ne. A ranar 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 19 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, na 20 kuma 'yancin yin taro cikin lumana da kafa ƙungiya. Saboda haka kada ku shiga ofis kuna sunkuyar da kai kamar masu bara.

To, ga inda kusan kowa yake tuntuɓe. Da zarar na ce "me kuke so?" sai a shiga jero damuwa: ba ruwa, makaranta ta lalace, asibiti ba magani. Duk gaskiya ne, amma kuka ne kawai. Jami'i zai saurara, ya gyaɗa kai, ya ce za a duba, ku taso hannu Rabbana.

Buƙata tana amsa tambaya uku. Ku rubuta su, kowace a layinta:

Wa zai yi?
Me zai yi?
Yaushe zai yi?

Ga misali: "Muna so shugaban sashen ilimi ya sa a gyara rufin aji 2 kafin yara su dawo daga hutu." Ku ɗora yatsa a kan jimlar, mu karanta tare. Wa? Shugaban sashen ilimi. Me? Gyaran rufin aji 2. Yaushe? Kafin a dawo daga hutu. Madalla.

Yanzu ku dubi wannan: "A taimaka wa yaranmu." Wa zai taimaka? Ba a faɗa ba. Da me? Yaushe? Shiru. Ku ja layi a kanta, ku soke ta.

Kada ku raina buƙata ɗaya. A 1992 ƙungiyoyi 6 suka haɗa kai a kan abu guda, wato a haramta nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa suna kashe mutane. A Disamba 1997 ƙasashe sama da 120 suka sa hannu kan yarjejeniyar haramcin a birnin Ottawa na Kanada. Da sun haɗa dukan illolin yaƙi a takarda ɗaya, wa zai san inda za a fara?

Kowa ya rubuta tasa jimlar. In ta ƙi, a sake, ba abin kunya ba ne. Amma fa wasunku za su kawo mini buƙatu bakwai a shafi ɗaya, na san halinku. Haba! Ɗaya na ce. Sauran shidan ku adana su a shafin baya, lokacinsu zai zo. Wanda kuma ya rubuta "gwamnati" a wajen "wa" bai saurare ni ba. Wane ofis? Wane mai muƙami? Ku sake: wa, me, yaushe.

Darasi na 2: Hujja da wasiƙa

Kada ku ce "yara da yawa". Ku je ku ƙirga, ku rubuta adadin. Ku ɗauki hoto. Abin da ba ku gani da idonku ba kada ya shiga takarda, domin ƙarya ɗaya tana zubar da mutuncin ƙungiya gaba ɗaya.

Wasiƙa kada ta wuce shafi ɗaya. Jimlar nan taku ta wa, me, yaushe ita ce za ta zo a farko. Shugaba da sakatare su sa hannu. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa a ɗayan, ku taho da shi.

Darasi na 3: Ranar ziyara

Mutum uku ko huɗu sun isa, kuma a cikinsu a sami wanda matsalar ta shafa. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya rubuta abin da aka ce. Banda zagi, banda tallar jam'iyya. Ku duba dokar rajistarku. A Amurka, alal misali, tun 1954 aka hana ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji tallata ɗan takara. Kafin ku tashi, ku tambaya: "Wace rana za mu dawo?"

Darasi na 4: Bibiya

Ku koma a ranar da aka sa, da kwafin nan mai hatimi. In an yi aikin, ku rubuta wasiƙar godiya. In ba a yi ba, ku kai buƙatar ga wanda ke sama da jami'in.

Aikin gida: kowa ya zo da jimlarsa ɗaya, a rubuce.