Yadda za ka gane maganin kukan kunne na damfara kafin ka tura kuɗinka

Duk wanda kunnensa ke kuka ya san dare ya fi wuya. Da rana hayaniya na ɗan rufe abin, amma da an kashe fitila gari ya yi tsit sai ka ji ya taso, tsiiiii kamar gyare ya shige maka cikin kai, wani kuma nasa shuuu ne kamar iska na fita daga taya. A irin wannan daren ne wajen ƙarfe biyu na ɗauki waya na rubuta "maganin ƙarar kunne", toh daga ranar ban sake samun lafiyar Facebook da YouTube ba, ko ina na leƙa talla ce, wannan ƙwaya, wancan na ɗigawa, wani ma ɗan manne ne wai a bayan kunne ake liƙawa. Kuma ba zan ɓoye ba na taɓa saye, kwalba shida rigis, na yi wata uku ina haɗiya safe da yamma, kukan na nan inda na bar shi. Wanda ruwa ya ci ai ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, masu tallan kuma sun san da haka.

Abu ɗaya za ka riƙe, in ka riƙe shi rabin aikin ya ƙare: har yau babu wata ƙwaya ko maganin ɗigawa da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince cewa yana warkar da wannan kukan da likitoci ke kira tinitus. Babu. Kuma shi kansa ba cuta ba ne mai zaman kanta, alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Mafi yawanci yana tafiya ne da raguwar ji, ko ta tsufa ko ta yawan zama cikin ƙara. Can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, cike da wasu ƙananan gasu masu ɗaukar sauti, in suka lalace ba sa sake tsirowa a jikin ɗan adam, toh da saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu sai ita ta ƙara murya tana neman abin da ta rasa, kamar ka ƙure rediyo a inda babu tasha, shuuu ɗin nan da kake ji kenan. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi tafiya a kai. Yanzu dan Allah ka faɗa min ta yaya ɗigon mai zai gyara wannan, alhali dodon kunne ma ya tare hanya, abin da ka ɗiga a waje yake tsayawa.

Eh, akwai lokacin da kukan ke tafiya gaba ɗaya, in dattin kunne ne ya toshe aka cire, ko ciwon kunne aka yi maganinsa, ko wani magani ne ya jawo aka canza. Amma kaga a nan sai an leƙa kunnen an san dalili. Wanda bai taɓa ganinka ba ya ce maganinsa na yi wa kowa aiki ko mene ne sanadin, cikin kwana bakwai ko sati uku, wannan ya gama tona wa kansa asiri.

Kasuwar ce babba shi ya sa suka yi mata ca. Wani bincike da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya ƙiyasta kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya na da wannan matsala, mutum sama da miliyan 740, kuma sama da miliyan 120 nasu mai tsanani ne. Mutane masu yawa haka, ba barci, likita kuma ya ce musu sai haƙuri, ai ɗan damfara kakarsa ta yanke saƙa.

Bidiyon nasu in ka ga ɗaya kamar ka ga duka. Dogo ne, wani ya fi minti talatin, kuma an cire abin da za ka ja gaba, dole ka zauna. Za a fara da wani mutum wai kukan kunne ya kusa sa shi ya kashe kansa a gaban iyalinsa, sai ya haɗu da wani likita da aka kora daga aiki saboda ya gano sirri, manyan kamfanonin magani na neman sauke bidiyon don haka ka kalla yanzu kafin a goge. Sai a tsorata ka, wai wannan ƙarar alama ce ƙwaƙwalwarka na ruɓewa, nan da ɗan lokaci za ka manta sunan 'ya'yanka. Sunan maganin ba ya fitowa sai can ƙarshe bayan an gama dafa ka, sannan agogo ya fito yana ƙirga minti, saura kwalba kaza a sito, kwalba ɗaya tsada, uku da sauƙi, shida ita ce wai "zaɓin mafi yawan mutane". Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: rufe shafin, ka dawo gobe. Agogon zai fara daga farko, kwalaben da suka kusa ƙarewa suna nan yadda suke, bidiyon da za a goge shi ma yana nan daram.

Sai ka gangara can ƙasan shafin, inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan kifi launinsa ma ya dushe. Ni wannan wurin ne ya buɗe min ido. A sama sun ce yana kashe kukan kunne har abada, a ƙasa kuma sun rubuta cewa FDA ba ta tantance waɗannan kalamai ba, kuma ba a yi wannan abu don ganowa ko magancewa ko warkarwa ko hana wata cuta ba. Wato da bakinsu sun ce ba magani ba ne. Dalili kuwa, tun wata doka ta 1994 a Amurka, ƙwayoyin ƙarin gina jiki da ake ce wa saflimen ba sa buƙatar amincewar FDA kafin su shiga kasuwa, sharaɗin dai kar su yi iƙirarin warkar da cuta. Don haka in ka ga tambarin FDA ɓaro-ɓaro ka karanta da kyau, yawanci abin da aka rubuta shi ne an haɗa shi a masana'antar da ke da rajista da FDA. Rajista daban, amincewa daban. Mai rajista ya ba da sunansa da adireshinsa ne kawai, ba wai an gwada ƙwayar an ga tana aiki ba.

Duba kayan haɗin kuma. Sunan kwalba ne ke canzawa, bana wannan baɗi wancan, amma cikin kusan abu guda ne: ganyen ginkgo biloba, zinc, bitamin B12, tafarnuwa, melatonin, wani lokaci a ce haɗin sirri ne a ƙi faɗin adadin kowanne. An gwada waɗannan ai. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka a ƙa'idar da ta fitar a 2014 cewa ta yi kar likitoci su ba da shawarar ginkgo ko melatonin ko zinc ko sauran saflimen don maganin tinitus mai naci, masu bitar bincike na Cochrane ma sun sake duba ginkgo a 2022 ba su samu hujjar da za a dogara da ita ba cewa ya fi ƙwayar banza da ba magani a cikinta. Kuma "ai ganye ne ba ya illa" ba magana ba ce, ginkgo na iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin. In gwajin jini ya nuna kana da ƙarancin B12 likita ya rubuta maka, wannan hanyarsa daban.

Inda suka fi wayo shi ne wajen shaida. Kai da kanka za ka ce bari in bincika, ka rubuta sunan maganin a Google ka haɗa da kalmar damfara, sai ka ga shafuka goma duk da take irin "gaskiyar da ba a faɗa maka ba", ka shiga ka karanta, ƙarshe duk sun ce maganin na da kyau amma ka saya ta wannan linkin don gudun jabu. Toh masu linkin nan kamasho suke ci a kan duk kwalbar da aka saya ta hannunsu, kura ce da fatar akuya. Wasu ma a shafin jarida za ka gan su kamar labari, sai ka lura a sama an sa ɗan rubutu cewa talla ce aka biya. Hoton likitan mai farin kwat ɗin nan, ɗauki sikirinshot ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa za ka tarar hoton haya ne, a wani shafin shi ne likitan ƙafa, a wani yana tallan inshora. Yanzu kuma da AI ta zo har muryar fitattun mutane da 'yan jarida suke kwaikwaya, ka kalli leɓe da kyau ko yana tafiya da maganar, sannan ka je ainihin shafin mutumin ka ga ko ya taɓa ambatar abin. Akwai kuma WHOIS, wurin duba rajistar shafukan intanet, ka saka adireshin shafin ya nuna maka ranar da aka yi masa rajista, kamfanin da ke cewa ya warkar da dubbai cikin shekara goma sai ka ga shafinsa bai cika wata uku ba. Meta, kamfanin da ke da Facebook, ma na da rumbun talla da kowa zai iya dubawa, in ka sa sunan za ka ga bidiyo ɗaya a ƙarƙashin shafuka barkatai. In kana jin Turanci, ƙungiyar Tinnitus UK ta Birtaniya na da shafukan da take auna irin waɗannan magunguna ta fuskar aminci da kuma ko suna aiki.

Amma fa ba duk mai cewa ya ji sauƙi ne maƙaryaci ba, wannan sai a yi adalci. Kukan kunne hawa da sauka yake, gajiya da damuwa da rashin barci na ƙara shi, kuma mutum ba ya sayen magani sai ranar da abin ya kai maƙura, daga nan ko bai sha komai ba sauƙi zai biyo baya. Ga kuma sabo, da yawa cikin watanni ƙwaƙwalwa na koyon yin biris da ƙarar kamar yadda kake mantawa da ƙarar firji. Sai a ba kwalba ladan da ba nata ba.

Kyandir ɗin kunne kuwa, wanda ake cusa bakinsa a kunne a kunna ɗaya gefen wai yana zuƙo datti, ka yi nesa da shi, FDA ta yi gargaɗi a kai tun 2010 saboda ƙuna da huda dodon kunne, baƙin abin da ake nuna maka a ƙarshe ma ragowar kyandir ɗin ne. 'Yar fitilar lesa da ɗan mannen bayan kunne su ma duk tafiyar ɗaya ce. Akwai na'urar gaske mai suna Lenire ta wani kamfanin Ailan da FDA ta ba izini a 2023, tana haɗa sauti da ɗan motsa harshe da lantarki, amma ita ma rage damuwar take ba kashe kukan ba, kuma ƙwararren ji ne ke saita ta bayan ya gwada ka, ba a talla ake latsawa a aiko da ita ba.

Wajen biya ka kula da ɗan akwatin da aka riga aka yi maka tik, da yawa rajistar wata-wata ce, za a dinga zarar kuɗi daga katinka ba ka sani ba. Alƙawarin mayar da kuɗi cikin kwana sittin shi ma ka nemi adireshi da lambar waya na gaske tukuna, in imel kaɗai ne ko an ce ka koma WhatsApp ka tura a asusun wani mutum, toh ka san inda aka dosa. In ka riga ka faɗa, kar kunya ta hana ka, kira bankinka yau a toshe katin a shigar da ƙorafi, ka ajiye sikirinshot na komai, ka kai ƙarar tallar a manhajar da ka gan ta.

Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo a wurina shi ne lokacin da suke ci wa mutum. Akwai kukan kunnen da ba ya jira. In jinka ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya, wannan na gaggawa ne, kwanakin farko ne magani ya fi kamawa, wanda ya zauna jiran kwalba ta iso zai iya rasa jin gaba ɗaya. Haka in ƙarar na bugawa daidai da bugun zuciyarka, ko a kunne ɗaya ce kawai, ko tana tare da jiri mai tsanani ko karkacewar fuska, ko ta fara bayan buguwa a kai, sai likita. In kuma abin ya kai har kana tunanin cutar da kanka, ka faɗa wa wani na kusa ka nemi taimako a ranar.

In za ka je, nemi a leƙa kunnen a yi maka gwajin ji, don ga mai raguwar ji na'urar ƙara ji na yawan rage kukan, sannan akwai zaman koyon sarrafa tunani da ake kira CBT wanda shi ne ya fi hujja wajen rage damuwar abin. Da dare kar ka kwanta cikin shiru, fanka ko sautin ruwan sama ƙasa-ƙasa na taimakawa, ni da shi nake barci yanzu. Ka rage ƙure iyafis, ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti in aka daɗe a cikinta awa takwas kullum tana cin ji. Kuma ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har da kwalbar intanet ɗin in ka saya, saboda kwinin da asfirin mai yawa da allurar jentamaisin da furosemide duk suna iya jawo kukan kunne, amma kar ka daina wanda aka rubuta maka da kanka sai likitan ya duba ya ce ga wanda za a canza.